Kyanwa Marar Wutsiya Da Abin Da Za Ta Koya Wa Malami

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin Hausa na mujallar kwalejinmu, domin in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da kuma malamanmu, a kan wata dabba. Na san wani zai yi dariya ya ce, duk wahalolin da ke damun makarantun ƙasar nan an rasa abin tattaunawa sai kyanwa? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Akwai wata irin kyanwa wadda a ke haihuwarta ba wutsiya. A ganina ya kamata kowane malami da zai fita daga wannan kwaleji ya san labarinta, ya kuma koya wa yara shi, gama a cikinsa akwai wani lissafi wanda ya shafi rayukan 'ya'yanmu a Obi da garin Lafiya da ko'ina cikin Nijeriya.

Sunan da Turawa ke kiranta shi ne Mankis, watau 'yar tsibirin Man. Wannan tsibiri yana cikin teku tsakanin Ingila da Ailan. Ba shi da girma, tsawonsa kamar mil 33 ne, faɗinsa mil 13, kuma da aka ƙidaya mutanensa a 2021 an sami wajen 84,000, ka ga ko mutanen ƙasar Obi kaɗai sun fi su yawa. Babban garinsu shi ne Daglas. Kakanninsu manoma ne da masunta, saboda haka suna bukatar kyanwa kamar yadda mu ke bukatarta, don tsaron hatsi a gida da tsaron guzuri a jirgin ruwa. Fiye da shekara 200 ke nan da aka san a cikin kyanwoyin tsibirin akwai da yawa marasa wutsiya. Shehun malamin nan Charles Darwin ya ambace su a littafinsa na 1868 a kan dabbobin gida da shuke-shuke. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka fara kai su wurin nunin kyanwoyi a Ingila, a 1903 kuma aka buga bayanin siffofin da a ke so a gani ga Mankis ta ainihi. Mutanen tsibirin suna alfahari da ita ƙwarai, har sun buga hotonta a kan kuɗinsu na ƙarfe a 1970, suna kuma sa ta a kan sarkin wasiƙa.

Ga siffarta. Kanta kewayayye ne, jikinta a dunƙule, gashinta mai kauri riɓi biyu saboda sanyin ƙasarsu. Ƙafafunta na baya sun fi na gaba tsawo, don haka ƙugunta ya fi kafaɗarta tudu, in tana gudu sai ka ga kamar tana tsallen zomo. Ba dukansu ne marasa wutsiya sam ba. Masu kiwonsu sun kasa su kashi huɗu: akwai wadda ba ta da kome, har wani lokaci sai ka ga ɗan loko a inda wutsiya za ta fito, akwai mai ɗan tudun ƙashi wanda sai ka shafa za ka ji shi, akwai mai dungu, akwai kuma mai wutsiya kusan cikakkiya. Abin mamaki, uwa ɗaya ta kan haifi irin biyu ko uku a ciki ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wajen hali kuwa, masu kiwonta sun shaide ta da natsuwa da son mutanen gida. Ta kan zaɓi mutum ɗaya ta riƙa binsa ɗaki ɗaki kamar kare, tana wasa da yara, amma tana ɗari-ɗari da baƙo har sai ta saba da shi. A wajen ɓera ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi, shi ya sa manoma da matuƙan jirgi suka daɗe suna nemanta. Rashin wutsiya bai hana ta hawa ko tsalle ba. Abin da ya rage mata shi ne bakin magana, domin kyanwa da wutsiya ta ke gaisuwa, in ta ɗaga ta sama murna ta ke yi, in tana kaɗa ta da ƙarfi ranta ya ɓaci. Mai Mankis sai ya koyi duban kunne da ido. Amma kada wani ya zaci rashin wutsiyar ne ya ba ta kyan hali. Masana sun gano 'yar kyanwa wadda aka riƙa ɗauka ana shafa ta tun tana mako biyu har zuwa mako bakwai, ita ce ke tashi da sabo da mutane, ko mai wutsiya ce ko marar wutsiya. Wadda aka bari a bayan rumbu ana jifarta, ita ce ke zama kamar muzurun daji.

To, ina dalilin rashin wutsiyar? Mutanen Man suna da tatsuniyoyi a kan wannan kamar yadda mu ke da namu a kan Gizo da Ƙoƙi. Waɗansu sun ce ran da Nuhu ke shigar da dabbobi cikin jirgi, kyanwa ta tsaya farautar ɓera ta makara, tana shiga sai ƙofa ta datse mata wutsiya. Wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ba ta kuma cikin Alƙur'ani, hira ce ta bakin murhu. Waɗansu sun ce wani jirgi daga rundunar ruwa ta Sifen, wadda ta tasam ma Ingila a 1588, shi ya farfashe a gaɓar tsibirin, kyanwoyin cikinsa suka yi iyo suka fito. Waɗansu kuma da suka ga tsallenta suka ce ai barbarar kyanwa ce da zomo, alhali kuwa kyanwa da zomo ba su haihuwa tare, kamar yadda akuya da kare ba su yi.

Ni ba na ƙin tatsuniya. Da ita aka yi renonmu, kuma malamin da bai iya ta ba ajinsa zai yi barci. Amma tatsuniya tana da alamarta, ana buɗe ta da "ga ta nan ga ta nanku", ana rufe ta da "ƙurunƙus", yaro ya san wasa a ke yi. Haɗarin yana wurin bayanin da ba shi da wannan alama, wanda manya ke faɗa da fuska a murtuke. A ƙauyukanmu in aka ga kyanwa mai wata siffa dabam tana yawo da dare, ba a rasa mai cewa mayya ce ta rikiɗa, sai yara su bi ta da duwatsu, gobe kuma a fara nuna wata tsohuwa da baki. An kashe mai gadin rumbu, an ɓata sunan baiwar Allah, ɓera kuwa ya sami doya da riɗi da shinkafa a ɓagas. Rashin sani ya fi dare duhu.

Galibin kyanwoyi masu guntun wutsiya da mu ke gani a nan, tarko ne ya cinye ta, ko kare, ko ƙofa, ko wuƙar wani yaro marar tausayi. Irin wannan in ta haihu, 'ya'yanta da wutsiyarsu cif su ke fitowa. Wani masani Bajamushe, August Weismann, ya gwada wannan a wajen 1888. Ya yanke wutsiyar fararen ɓeraye, suka haihu, ya yanke ta 'ya'yan, haka har zuriya biyar. An haifi 'ya'ya 901, ba ko ɗaya da ya zo ba wutsiya, ko da gajera. Mu ma ba sai mun je Jamus ba. Shekaru aru-aru kakanninmu suna tsaga a fuska, mata suna huda kunne, amma wa ya taɓa ganin jariri ya faɗo da tsagar gidansu ko da hujin kunne? Abin da wuƙa ta yi wa jiki ba ya bin jini. Ashe ko da ƙofar jirgin Nuhu ta datse wutsiyar, da 'ya'yan sun fito da tasu.

Ainihin dalilin yana cikin abin da masana ke kira ƙwayoyin gado. Kowace halitta mai uwa da uba tana karɓar waɗannan ƙwayoyi biyu biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, su ne ke tsara launi da tsawo da sauran siffa. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu ta kan sauya da kanta, ba da hannun kowa ba. Haka ya faru ga wata kyanwa a tsibirin Man, ƙwayar da ke tsara ƙarshen ƙashin baya ta sauya. Da a babbar ƙasa ne, da abin ya ɓace cikin yawa. Amma tsibiri ne ƙarami, ruwa ya kewaye shi, kyanwoyin kaɗan ne, dangi na barbarar dangi, sai siffar ta yaɗu har ta zama tambarin ƙasar. A 2013 masana suka bayyana ainihin ƙwayar da ta sauya, suka kuma tarar sauyin iri dabam dabam ne a cikin ƙwaya ɗayan nan. A Japan ma akwai wata kyanwa mai guntun wutsiya a murɗe, amma tata ƙwayar dabam ce.

Yanzu ga lissafin. Wanda ya fara gano shi wani fada ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno cikin ƙasar Cek ta yau, ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake a lambun gidan ibada, ya buga abin da ya gano a 1866. Kowace Mankis marar wutsiya da ka gani tana tafiya, tana ɗauke da ƙwaya ɗaya sauyayya da ɗaya lafiyayya. Sauyayyar tana da rinjaye, ɗaya tak ta isa ta rage wutsiya. To, in aka haɗa muzuru da mace dukansu masu irin wannan, kowane ɗa yana da hanya huɗu. Hanya ɗaya, ya ɗauki lafiyayya daga uwa da lafiyayya daga uba, ya fito da wutsiyarsa. Hanya biyu, ya ɗauki ɗaya ɗaya, ya fito kamar iyayensa. Hanya ta huɗu, ya ɗauki sauyayya daga kowane gefe, wannan kuwa galibi ba ya ko zuwa duniya, a ciki ya ke mutuwa. Shi ya sa haihuwar irin waɗannan ba ta da yawa, shi ya sa kuma a ciki ɗaya a ke samun mai wutsiya da marar wutsiya.

Har cikin waɗanda suka rayu akwai masu shan wahala. Wutsiya ci gaban ƙashin baya ce, kuma abin da ya rage ta wani lokaci ya kan wuce gona da iri ya taɓa laka da jijiyoyin da ke ƙugu. Sai a sami 'yar kyanwa ba ta iya riƙe fitsari, ko kashi ya ƙi fita, ko ƙafafun baya su raunana. Yawanci cikin watanni huɗu na farko abin ke bayyana. Saboda haka masu kiwo na kirki su kan haɗa marar wutsiya da mai wutsiya, likitocin dabbobi da yawa kuwa suna ganin bai kamata a riƙa hayayyafa dabba don wata siffa mai jawo mata ciwo ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Yanzu da masu kuɗi a manyan garuruwanmu suka fara sayen kyanwoyin ƙetare don ado, ina fata ba za mu kai ga kiwon wannan don a ce muna da abin da maƙwabci ba shi da shi ba. Wadda aka riga aka haifa a riƙe ta da kyau, amma darajar kyanwa tana ga aikinta da halinta.

Jama'a, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wannan lissafi na ɗaya cikin huɗu bai tsaya ga wake da kyanwa ba, yana aiki a jinin ɗan Adam. Kowa a cikinmu ya san ciwon amosanin jini, wanda a asibiti a ke kira sikila, domin jajayen ƙwayoyin jinin mai shi su kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1910, a 1949 kuma aka tabbatar da yadda a ke gadonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwaya ɗaya ta sikila, ana kuma haifar jarirai kamar 150,000 da ciwon kowace shekara, ba ƙasar da ta kai mu. Mai ƙwaya ɗaya, wanda a ke rubuta wa AS, lafiyarsa lau, har ma Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa tana ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin yawanta a ƙasashenmu ke nan. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da hanyoyin nan huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS mai ciwon.

Kada a ce na daidaita mutum da dabba, Allah ya sawwaƙe. Akwai bambanci babba. Ga kyanwa ƙwaya ɗaya tana bayyana a ido, ga mutum kuwa a ɓoye ta ke, sai gwajin jini ke nuna ta. Yaro mai SS kuma yana rayuwa, in ya sami kulawa da magani da gidan sauro da ruwan sha isasshe yana girma ya yi karatu ya riƙe gida, wataƙila ma akwai irinsu a cikinmu a wannan kwaleji. Lissafin ne kaɗai iri ɗaya. Amma ku duba abin da rashin saninsa ke jawowa. Yara su yi ta ciwo suna mutuwa a gida ɗaya, sai a ce wabi ne, ko a ce kishiya ce, ko dangin miji su ce matar ce ta kawo mugun jini, alhali rabi daga wajen ɗansu ya fito. Bakin da ya kira kyanwa mayya, shi ne dai ke kiran uwar yaran.

Dalilin da ya sa na ce a fara da kyanwa ke nan. In malami ya shiga aji ya ce yau za mu yi maganar sikila, yaron da ƙanensa ke kwance zai sunkuyar da kai, sauran kuma su juyo suna kallonsa. Amma in ya zana kyanwa marar wutsiya a allo ya ce wa zai gaya mini inda wutsiyarta ta tafi, hannu goma zai tashi. Ya bar su su kawo nasu bayani, ya ba su na Nuhu su yi dariya, sa'an nan ya tambaye su zancen tsaga da hujin kunne. Daga nan sai ya kawo ƙwarya biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, a kowace ya zuba farin wake 20 da jan wake 20. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can, a rubuta a allo, a mayar, wani ya zo. In an yi sau 40 za a ga fari da fari wajen 10, gauraye wajen 20, ja da ja wajen 10. Za su kuma gani da idonsu ja da ja ya kan fito sau biyu ko uku a jere, wani lokaci kuma ya daɗe bai fito ba. Wannan shi ne abin da manya da yawa ba su gane ba, suna zaton in an haifi mai ciwo ɗaya to uku na gaba sun tsira. Kowane ciki sabon ɗauka ne daga ƙwarya. Sai yara sun riƙe wannan sosai, a wani darasi na gaba, malami ya buɗe musu zancen jini. Kayan aikin duka bai fi ƙwarya biyu da tafin wake ba, babu makarantar da za ta ce ba ta da hali.

Wani zai ce, me ya kai mu tsibirin Turawa alhali ga awaki da kaji a gida? Gaskiya ne, kaza mai tsiraicin wuya da saniya marar ƙaho duk suna koyar da gado, a yi amfani da su. Amma ban san wata dabba da ta haɗa tatsuniya da siffa bayyananniya da lissafin ɗaya cikin huɗu wuri ɗaya kamar wannan ba, kuma baƙon abu ya fi kama hankalin yaro. Wani kuma zai ce, haihuwa da ciwo duk nufin Allah ne, ina ruwan malami? Babu mai musun ikon Allah a cikinmu, Kirista ko Musulmi. Amma manomin da ya san nufin Allah ne damina ta yi kyau, bai fasa zaɓen irin doya mai lafiya ba. Wani zai ce iyaye za su yi fushi in yara suka koma gida da zancen aure. Ai ba aure za mu hana ba, ba mu kuma da ikon raba kowa da kowa. Aikinmu yaro ya san akwai gwaji, ya san ma'anar haruffan nan tun kafin zuciyarsa ta kamu, domin bayan an kai kayan gaisuwa maganar ta yi nauyi. Coci-coci da masallatai da yawa sun riga sun fara neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Abin kunya ne a ce doka ta riga makaranta.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ina roƙon malamanmu na sanin halitta su sa wannan darasi cikin waɗanda za mu gwada lokacin da a ke tura mu makarantu koyon koyarwa. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, kowa ya je asibiti ya san haruffan jininsa kafin ya karɓi takardar gama kwaleji, gama ba ya kyautu mu koyar da abin da mu kanmu muka ƙi yi. Na uku, duk ƙauyen da aka tura ɗayanmu, in ya ga yara sun taso wa kyanwa da duwatsu don siffarta, ya tsaya ya tambaye su dalili, ya kuma gaya musu na gaskiya. Yaron da ya koyi tambayar dalilin wutsiyar kyanwa, in ya girma ya zama mai gida ba zai yi saurin ɗora wa matarsa ko maƙwabciyarsa laifin ciwon ɗansa ba.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. In akwai wanda ya ga abin dabam, filin Edita a buɗe ya ke, ina marmarin karanta amsarsa a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.